Ƙwaryar da rago ya taka

Laifin nawa ne, kuma tun ranar na san nawa ne. Girman kai ne ya sa har damina ta faɗi ban buɗe baki na amsa ba.

Matata tana da wata tsohuwar ƙwarya da take dama mini fura a ciki. Mahaifiyarta ce ta fafe ta a Gurbin Bore, ta ƙona mata zane da wuƙa mai zafi, ta sa mata ita cikin kayan ɗaki. Ƙwaryar ta sha zuwa wurin gyartai, har ɗinkin jikinta ya fi zanen yawa. Bayan tsohuwar ta rasu, ko 'ya'yanmu matata ba ta bari su wanke ta.

Da aka ba mu jihar Zamfara, na samu aikin masinja a wani ofis a Kaura. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, sai ga ni ina goge takalmi, ina ganin gidanmu na Ɗan Isa ya cika ƙauyanci. Abin ya yi ta hawa kaina, har shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na sayo robobi ja da shuɗi na jere mata. Ta yi godiya, ta ci gaba da kawo mini fura a ƙwaryarta. Wata safiya tana gidan suna, na zuba dusa a ƙwaryar na ajiye wa ragona, wai don ta gane lokacin ƙwarya ya wuce. Rago ya cinye dusa, ya sa ƙafa a ciki, ta tsage gida uku.

Da ta dawo ta daɗe tsaye a kanta.

"Maigida, wa ya ba rago ƙwaryar inna?"

"Ai ta tsufa. Ga robobi nan."

"Ka yi sa'a ban san hanyar gidan alƙali ba," in ji ta. Ta tsince gutsattsarin ta ƙulle a tsumma.

Washegari ta fara ba ni zamanin da nake so. Na nemi ruwa, sai ta wuce randa ta ɗebo mini daga jarkar da ta wuni a rana. Tabarmar kaba da ta saƙa mini ta ɓace, ta leda ta maye gurbinta, mai manne wa bayan mutum da bazara. Fura kuwa a jar roba take zuwa, ba ludayi, sai ɗan cokalin shayi. Na tambaye ta ina maficina.

"Shi ma aikin hannu ne, bai dace da ma'aikaci ba. Ka jira a kawo muna lantarki ka sayi fanka."

Taubashina ya zo daga Zurmi, aka shimfiɗa masa tabarmar kaba, aka ba shi ruwan randa. Ya dubi kofina na ruwan jarka mai zafi ya ce, "Ranka ya daɗe, shayi kake sha ko wanka za ka yi?"

Duk wannan da na iya jurewa. Abin da ya dame ni shi ne, da can idan ta kawo fura takan zauna gefena tana saƙa faifai, tana ba ni labarin unguwa. Yanzu sai ta ajiye roba ta juya.

Ran kasuwar Shinkafi na ɗauki ƙullin tsumman a ɓoye na kai wa wani tsohon gyartai. Ya jujjuya gutsattsarin.

"Jaki ne ya taka ta?"

"Rago ne."

"To shi ragon wa ya miƙa mashi?"

Na yi kamar ina kallon masu sayar da albasa. Ya huda, ya ɗinke, ya ce ba za ta ƙara riƙe fura ba, sai dai a ajiye irin kuɓewa.

Na iske matata a gindin turmi tana tankaɗe. Na durƙusa na ajiye ƙwaryar gabanta. Ta shafa sabon ɗinkin da yatsa, ba ta ɗago kai ba.

"Ragon ne ya aiko ka?"

Na ce, "A'a, uwar yara. Rago bai san komi ba. Ni na san ta inna ce, na san ita kaɗai ta rage miki ta hannunta, kuma da gangan na yi. Don Allah ki yafe mini."