Rijiyar da Ɗantala Ya Binne

A wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, duk mai shan ruwa ya san Ɗantala, domin rijiya ɗaya ce tak a garin, kuma shi da mahaifinsa suka haƙa ta a bayan kafi. Gajere ne, ga rowar magana. Matarsa Larai takan ce rijiyar ta fi ta sanin muryarsa.

Shekarar da Turawa suka fara leƙo ƙasar Gumel dagaci ya rasu, 'ya'yansa biyu suka shiga ja-in-ja a kan rawani. Gari ya bi babban, Ƙasimu. Ƙanensa Cindo ya yi fushi ya yi arewa, kuma da bazara ta tsananta aka ji yana tafe da mahaya. Dattawa suka danƙa wa Ɗantala samarin gari, tun da shi ya saba ba da umarni daga ƙasan rami a bi ba musu.

Samari sai zumuɗi suke, kowa na gyara kwari da baka. Ɗantala kuwa ya san rabin masu zuwan 'yan'uwansu ne na jini, kuma in aka gwabza a fili dawaki za su tattake yaran mutane. Ya sa mata suka cika kowace randa da tulu, sannan ya ce a binne rijiyar.

Ƙasimu ya riƙe baki. "Haba Baba Ɗantala! Ko a yaƙi ai ba a taɓa rijiya."

"Ranka ya daɗe, shi ma Cindo abin da ya sani ke nan. Ba zai wahalar da kansa da ɗaukar salkar ruwa ba."

Ba wanda ya iya farawa, sai Ɗantala da kansa ya zuba kwandon ƙasa na farko. Ya yi kuka kuwa, bai ɓoye ba, kamar mai binne mahaifinsa karo na biyu.

Rana tsaka mahayan suka iso, dawaki suka ja su kai tsaye zuwa komin shayar da dabbobi na bakin rijiyar, suka tarar da yashi. Ga ƙishirwa, ga wata rijiyar da nisa. Duk cika-bakin da suka zo da shi ya ƙare kafin la'asar. Cindo ya sauko ya tako ƙofar kafi da ƙafa, leɓe a bushe. Samari suka ja baka, Ɗantala ya daka musu tsawa.

"Akwai ruwa," in ji shi, "amma sai ga wanda ya ajiye mashi."

Masu suka taru tuli a bakin ƙofa, mata suka rangaɗa guɗa. Ko ɗigon jini bai zuba ba.

Da aka tashi sake haƙar rijiyar, Cindo ne ya fara shiga ramin. Aka tambaye shi wa zai riƙe masa igiya, ya ce Ɗantala.