Zakin da Bai Taɓa Sayar da Gishiri Ba

Har na kai aji huɗu ina zaton Kaka ba ta san sunan Babana ba. Wata rana na ja ta gefe na raɗa mata, "Kaka, Musa ne sunansa," ta bi ni da muciya har bakin famfo. Daga baya Mama ta fahimtar da ni cewa ɗan fari ne, Kaka ba ta kiran sunansa, balle ta yi masa faɗa. In tana da magana da shi sai ta tara mu jikoki, ta yi tatsuniya da ƙarfi.

A gidanmu na unguwar New Bell, bayan magariba ake tatsuniya, musamman in wuta ta ɗauke. Kaka ta hura gawayi a ƙarƙashin rumfar kwano tana gasa agada, babbar ayabar nan, ruwa yana dukan kwanon kamar ya yi masa laifi. Sauron unguwarmu kuwa, na rantse wani ya taɓa ɗaga ƙanina Sani daga tabarma, sai da muka riƙo ƙafarsa.

Lokacin Baba ne shef, wato shugaban masu tallan wani kamfanin sari, masu hawa babur, wanda muke ce wa moto, suna bin butik-butik, ƙananan shagunan unguwa, da katan ɗin sabulu da man girki. Ciniki ya ja baya, sai Baba ya kafa doka: duk Juma'a, wanda ya fi kowa ƙarancin ciniki za a ƙwace wasu shagunansa a ba na gaba, in ya sake zuwa ƙarshe a sallame shi. Kawu Iliya, ƙanin Mama, ya riga ya rasa shagunan unguwar Bonamoussadi. Juma'a mai zuwa aikinsa ne ke cikin haɗari, ga matarsa da tsohon ciki. Mama ta daina yi wa Baba magana, barkonon miya ne ke isar da saƙonta.

Ranar Laraba Kaka ta buga mafici a ƙasa. "Mai kunne ya matso, marar kunne ya ara." Baba yana kujerarsa a bakin ƙofa, yana latsa waya.

Wai Zaki ya sami dutsen gishiri, ya ɗauki namun daji su riƙa kai wa masu rumfa a kasuwanni. Ya ce duk mako wanda ya dawo da kaya mafi yawa, shi ne abincin dare. Makon farko Barewa ce. Zaki ya karya mata wuya, ƙas, ya tsotse ɓargon, ya rarraba wa sauran kasuwanninta. Kaka ta karya agada biyu don mu ji ƙarar. Sani ya shige bayan zanenta.

Daga nan kowa ya haukace. Dila ya tare Zomo a hanya ya cire masa ido ɗaya don kada ya gane kasuwa. Biri ya sa wa Jaki guba a ruwa. Kura kuwa ta daina ciniki da baki. Ta je rumfar Kunkuru, ya ce, "Ranki ya daɗe, na makon jiya ma bai ƙare ba." Ta ɗaga shi ta maka da dutse, bayansa ya tsage gida-gida, ta jibge masa buhu goma ta tafi.

"Shi ya sa bayansa yake haka?" in ji Sani.

"Yi shiru, ɗan nema, jini bai gama zuba ba."

Masu rumfa suka kwashe 'ya'yansu suka haye tsallaken kogi, inda wata Raƙuma ke sayar da gishiri tana gaishe su. Zaki bai sani ba, shi dai yana cin na ƙarshe yana ƙiba. Ya ci Zomo, ya ci Biri har da wutsiya, ya ci Dila. Ranar da Kura kaɗai ta rage, ta dawo da kayanta cif, ba ta sayar da ko dunƙule ba. Zaki ya wasa farce. Kura ta ce, "Dakata, maigida. Ni na sayar bara, na sayar wancan wata. Kai fa, tun da aka fara, nawa ka sayar?" Ta yi kuka ɗaya, danginta suka fito daga ciyawa. Suka fara ta cikinsa yana da rai, yana kallon hanjinsa ana ja kamar igiyar shanya.

"Na yanke ta nan," in ji Kaka. "Wanda jini ya fantsamar wa ya je ya wanke."

Baba ya yi gyaran murya. "Inna, ai zaki ba talla aka ɗauke shi ba. Tsari ne aikinsa."

Kaka ta dube ni. "Hadiza, gaya wa mai kujerar can, hirar yara muke yi."

A lokacin hanjin ne kawai ya burge ni, na yi mako ina ba 'yan ajinmu labarin ina ƙara masa tsawo. Sai yanzu da na kusa gama sakandare na lura Kaka ba ta taɓa cewa Barewa ta iya talla ba. Wataƙila ba ta iya ba. Abin da ya dame ta shi ne ba wanda ya bi Barewa kasuwa ya ga inda take tuntuɓe.

Baba bai ji ba. Ranar Juma'a ya sallami Kawu Iliya. Ba a jima ba masu tallan Baba biyu suka haɗu a butik ɗaya a unguwar Ndokoti, kowa yana cewa shagon nasa ne, ɗaya ya zaro sarƙar moto ya fasa wa ɗaya baki, mai butik ya shiga rabo aka karya masa hannu. Masu shagunan layin suka daina karɓar kayansu. Mai kamfani ya sauke Baba daga kujera, ya ba shi moto, ya yi damina biyu yana talla cikin ruwa kafin a mayar da shi. Yanzu wanda ya zo ƙarshe, Baba ne ke hawa bayan motonsa ranar Asabar, su zaga shagunan tare.

Kawu Iliya bai koma ba. Ya buɗe butik nasa a bayan masallacin unguwarmu, kuma har yau ba ya sarin sabulu a wurin Baba.