Mako Shida a Ɗakin Injin Silima

Maigidana shi ne mai haska fim a silimar da ke bayan kasuwa a Lafia, ni kuwa ɗinki nake yi a zaurenmu. Shekara bakwai da aurenmu ban taɓa taka wurin aikinsa ba.

A wata damina, farkon shekarun tamanin, ya je Awe gaida mahaifiyarsa. A hanyar dawowa babur ya zame da shi a laka, buhun gishirin da ta ba shi ya fashe, hannunsa na dama ya karye. Mai ɗori ya ce sai ya yi mako shida bai ɗaga ko buta da shi ba.

"Haskawar ba matsala," ya ce mini yana duban karan da aka ɗaure masa hannu da su. "Maigadi zai riƙa ɗora mini faifai a kan inji. Aikin rana ne ya dame ni, Maman Biyu. Yatsun mutumin nan kamar taɓarya suke."

"Wane irin aiki ne?"

"Dubawa, da naɗewa, da haɗa inda ya tsinke."

"To Malam, ai ɗinki ke nan."

Washegari bayan azahar na kai tagwayenmu gidan yayata, na bi shi.

Silimar ba ta da rufi. Fili ne mai bencinan siminti jere, da ƙaton farin bango a gaba, da rana ba kowa sai ƙadangaru. Ɗakin inji yana sama, sai an hau wata siririyar matakalar ƙarfe. Da na shiga sai na rasa inda zan ajiye ƙafa. Injuna biyu sun cinye rabin ɗakin, tebur ya cinye saura, duk wani lungu kuma gwangwanayen fim ne, fale-fale kamar faranti mai murfi. Fim ɗaya yakan zo a gwangwani shida ko bakwai. Waɗanda suka iso daga Jos suna ƙarƙashin tebur, waɗanda za su wuce Makurɗi suna bayan ƙofa. Akwai kuma tsofaffi da ba mai tambayarsu, an jibge su a kan katako saboda danshi, har sun kusa taɓa kwanon rufin ɗakin. In ɗayanmu zai wuce, sai ɗayan ya manne da bango ya riƙe numfashi.

Ya nuna mini yadda ake yi. In juya hannun abin naɗi da dama, fim ɗin yana gudu tsakanin yatsuna biyu na hagu. In na ji kaushin tsaga sai in tsaya, in yanke da reza, in kankare baki, in shafa gam, in danne. Kwana uku na iya, har ya daina leƙa hannuna.

Akwai 'yar taga a gefen teburin, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Wata rana na ɗaga fim ɗin wajenta don in ga tsagar da ta ɓace mini, sai na ga mace. Ba ta kai farcena girma ba. Tana tsaye da rawayan mayafi a kan wani farin dutse, ta ɗaga hannu. A ƙasanta ita ce kuma, a ƙasan wannan ma ita ce, sai na wuce hoto ashirin kafin hannun ya kai kanta.

"Wannan farin fa, gishiri ne?"

"Ƙanƙara ce," ya ce. "Ƙasar Indiya."

Daga ranar aikina ya rage sauri. Ɗakin zafi gare shi, ga warin gam mai hawa kai, in ruwa ya sauko kwanon sai ya riƙa kiɗa a hankali. Malam yakan zauna kan tsofaffin gwangwanaye ya jingina, barci ya ɗauke shi. Ni kuma in yi ta jan dawakai da jiragen ruwa da lambuna ta gaban 'yar tagar, ba murya, ba motsi sai wanda yatsuna suka ba su. Wani lokaci sai kiran la'asar ne ke tuna mini a Lafia nake.

A mako na huɗu direban da ke kai fim Makurɗi ya zo da wuri. Mutumin Tibi ne, mai fara'a, Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Madam, ka yi sauri," ya kira daga ƙasa. "Fasinja yana jira."

Na yi gammo na jera gwangwani huɗu a kai. Ina tsakiyar matakala na sama ya zame. Ya bugi ƙarfe, murfin ya yi nasa waje, bakin fim ɗin ya maƙale a jikin matakala, faifan kuma ya sauka a tsaye ya kama hanya. Ya bi tsakiyar bencinan nan yana gangarawa, ba gaggawa, yana barin baƙin zare mai sheƙi a bayansa, har sai da ya kai gindin farin bango ya kwanta. An yi ruwa da safe, ƙasa ba ta gama bushewa ba.

Na tsaya da sauran ukun a kaina.

"Kada kowa ya taka!" Malam ya yi ihu daga ƙofar ɗaki.

Direban ya tuɓe takalmansa, ya fita da gudu, ya dawo da fasinjojinsa. Mutum tara ne ko goma, cikinsu har da mata biyu masu kai manja, wani malamin makaranta, wani Bafulatani da sandarsa, da wata tsohuwa. Ya jera su tun daga matakala har bango, kowa ya ɗaga rabonsa daga ƙasa a kan tafin hannu. Na koma sama na fara naɗewa, ina goge laka da ƙyallen ɗinkina.

Ta ƙofa nake hango su. Rana ta fito, fim ɗin yana zamewa daga hannu zuwa hannu, sai ɗaya bayan ɗaya suka fara ɗaga shi sama suna ƙanƙance ido. Surutu ya mutu. Bafulatanin ya jingine sandarsa. Tsohuwar ce kawai ta yi magana.

"'Yata, ja a hankali. Akwai wani yaro a nan yana shan ruwa, bari ya gama."

Na ja a hankali. Direban da ke gaggawa shi ma ya ɗaga kai sama yana kallo.

Wuri biyu kacal ya tsage, na haɗa. Da motar ta tashi na zauna a matakala. Malam ya sauko ya zauna kusa da ni. Na ɗauka faɗa zai yi, sai ya ce shi a shekararsa ta farko gwangwani biyu ya yar, ɗaya ma cikin kwata.

Ranar da aka kwance masa ɗori, hannun ya fito siriri, ya ɗan karkace, haka kuma ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Ya gwada ɗaga gwangwani uku, ya ciji leɓe, ya rage ɗaya. Na share masa ɗakin, na ɗauki almakashina da na bari a can. A hanyar gida muka sayi gasasshiyar masara huɗu, muka biya gidan yayata muka ɗauko yara.