Dakta Elsi, Wadda Ta Ƙi Yi Wa Kogi Ƙarya

Kafin matan kasuwa su gama shimfiɗa ganyen ayaba a bakin kogi, Dakta Elsi Yambun ta riga ta tura kwalekwalenta cikin ruwa, kwandon kwalabe a gabanta. Gwiwa ta fara damunta, amma kar ka kuskura ka miƙa mata hannu. Mama Sabet, mai sayar da buai, goron nan namu mai sa yawu ya yi ja, ba ta barinta ta wuce shiru.

"Dakta, yau ma ruwan za ki gaisar? Ki ce ina gaishe shi!"

"Zai ji, Yaya. Amma ki daina tofa masa jan yawun nan naki, kullum sai ya kawo mini ƙararki."

Haka take bin gaɓa tana ɗibar ruwa, ta auna shi a ɗan ɗakin kwano da ke bayan coci, sannan ta zaga kasuwa tana gaya wa masunta inda za su jefa koma da inda ba za su kusanta ba.

Matasan yanzu ba su san cewa a da ita ce shugabar ɗakin gwajin ruwa na gwamnati a babban birni ba. A zamaninta kamfanin haƙar zinariya da ke kan tudu ya fara zubo dagwalonsa cikin koginmu. Kifi ya riƙa tasowa ciki sama, itatuwan sago da muke samun garin abinci daga cikinsu suka bushe a tsaye, ƙafafun yara suka cika da gyambo. Manyanta suka tura ta gidan rediyo ta kwantar wa jama'a da hankali. Muna zagaye da akwatin rediyo muna saurare, mai gabatarwa ya tambaye ta, "To Dakta, ke za ki sha ruwan nan?"

Ta ce, "Ba zan sha ba. Ko aladena ba zan bai wa ba. Akwai guba, ni na auna da hannuna."

Washegari aka kore ta, aka ƙwace fasfonta, aka kulle ta. A ofishin 'yan sanda ta tarar da masuntan ƙauyenmu da suka tare hanyar kamfanin, an tsare su tun farkon damina ba wanda ya kai su gaban alƙali. Kaspa Numbuk yana cikinsu, kuma har yau yana ba da labarin. Ya ce da lauya ya fitar da ita, sai ta nemi wuri a kan matakalar ofishin ta zauna daram.

Babban ɗan sandan ya fito ya ce, "Haba Mama, an sake ki. Ki tafi gida mana!"

Ta ce, "Ɗana, ai mutanen gidan suna ciki. Wa zan je in tarar?"

Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, ba ta gusa ba. Mata suka fara kawo mata dafaffiyar gwaza, suna ajiyewa suna zama. Da matakalar ta cika, titi ya cika, dole aka kai su Kaspa kotu, alƙali ya sallame su.

Wata jami'a a ƙetare ta yi mata tayin aiki, ta ce a kai kasuwa. Ta dawo cikinmu, ta yi shekaru tana jan kamfanin daga wannan kotu zuwa waccan, har aka hana shi zuba komai a kogi.

Ke ce ba ki san gaskiya biyu ba, Dakta. Abin da kika gaya wa manya, shi kike gaya mana. Bara, ana gab da bikin girbi, kika hana kamun kifi a gaɓar ƙasa, kika ce har yanzu akwai sauran guba a can. Muka yi ta gunaguni, har wasu suka ce kin fi kamfanin takura. Kika bar mu muka gama, kika ce, "Ku zage ni da lafiyarku, na yarda." Ke ce katangar da masu ƙarfi suka tura suka gaji.

Yanzu ta ce gwiwa ta yi nasara, ƙarshen daminar nan za ta miƙa aikin ga mata biyu da ta koyar. Mun gode, uwar kogi. Yaran da ke iyo a gaɓar sama yau, fatarsu sumul, ba su san sunanki ba, amma iyayensu sun sani.

Mu kuma da muka rage, duk wanda ya san wani abu da zai ceci jama'a, ya buɗe baki. Wanda aka kama maƙwabcinsa, ya je ya tambayi dalili. Ku je ku gode mata tun tana ji da kunnenta, amma ku tafi da shiri: za ta katse ku a tsakiyar yabo, ta tambaye ku ko kun tafasa ruwan sha yau.