Mai Ceton da Bai Iya Ruwa Ba

Dogo ya yi shekaru yana share wurin ninkaya na wani otal, amma ruwan bai taɓa wuce masa gwiwar hannu ba. Daga baki yake aikinsa da doguwar sanda mai raga a kai: ya kwashe ganye da matattun ƙwari, ya kankare gansakuka, ya zuba magani. Doka ce, ma'aikata ba sa shiga ruwan baƙi. Shi kuwa ko an ba shi dama ba zai shiga ba, don dutse ma ya fi shi iya iyo.

Wata shekara hukumar lafiya ta ce ba ta sabunta lasisi sai otal yana da mai ceto a bakin ruwa. Ana gobe duba-gari za su zo, manaja ya kira Dogo ofis, ya miƙa masa jar riga da usur.

"Ranka ya daɗe, ai ban iya ruwa ba," in ji Dogo.

"Wa ya ce ka shiga? Zama kawai za ka yi, na yini ɗaya."

Duba-gari suka zo, suka ɗebi ruwa a kwalba, suka leƙa banɗakuna, suka ɗaga katifu suna neman kuɗin cizo. Suka dubi Dogo a kan doguwar kujera, ga tsawo ga faɗin kafaɗa, suka gyaɗa kai suka wuce. Lasisi ya fito.

Yini ɗaya ya zama mako, mako ya zama shekara. Da safe ya yi shara, da hantsi ya sa jar riga ya hau kujera. Masu kicin suka laƙaba masa Agwagwa. Yana taya su dariya, amma duk wanda ya faɗa ruwan, Dogo ba ya numfashi sai ya ga kan mutum ya taso. Ya rame. Matarsa ta ce, "Baban yara, ka ajiye musu rigarsu, kada ka ɗauki alhakin rai." Ya ce in ya ajiye riga ya ajiye aiki. Sau biyu yana roƙon manaja a bar shi ya koyi iyo kafin baƙi su tashi, manaja ya ce doka ba ta da ɗan gida.

Ranar da abin ya faru, wani baƙo ne mai ƙiba ya ci ya ƙoshi, ya shiga wajen zurfi, jijiyar ƙafa ta riƙe shi. Dogo ya ga hannu yana dukan ruwa. Bai ko tuna da usur ba. Ya fizgo sandar shara, ya cusa wa mutumin raga a hammata, ya ja shi da iyakar ƙarfinsa har baki. Mutumin ya amayar da ruwa, ya rayu.

Da ya dawo hayyacinsa, sai ya ce an jawo shi kamar mushe a gaban iyalinsa, kuma me ya hana mai ceto shiga ruwa? Ya kai ƙara hukuma.

Duba-gari suka dawo. Wannan karon babbarsu ta ce, "Malam, shiga mu gani."

Dogo ya dubi ruwan, ya dubi manaja. Manaja ya kama baki, ya ce shi ma yaudararsa aka yi, Dogo ya rantse masa a bakin kogi ya tashi. Dogo ya buɗe baki, babbar ta ce ba shari'a ta zo yi ba.

Aka rufe wurin ninkayan na ɗan lokaci, aka sallami Dogo a ranar. A bakin ƙofa maigadi, wanda suke cin abinci a kwano ɗaya, ya tare shi ba tare da ya ɗaga ido ba.

"Yi haƙuri, yaya. An ce in caje jakarka."

Yanzu wankin mota yake yi a wajen ƙanen matarsa. In wani ya tambaye shi me ya raba shi da otal, sai ya matse tsumma ya ce zama ne ya ƙare.