Babakura da Akwatin Gidan Hajiya Zulaiha

Kullum in hantsi ya ɗaga za ka tarar da Malam Babakura a rumfarsa cikin kasuwar Azare, tabarau a kan hanci, yana yi wa matattun kwamfutoci faɗa kamar 'ya'yansa. Yanzu ido ya gaji, ya ce zai ajiye aiki. To, kafin ya ajiye, bari a ji abin da unguwarmu ta gani.

Hajiya Zulaiha ta samu shanyewar ɓarin jiki, ga 'yarta tilo, Lauratu, tana aikin jinya a Misau. Tsohuwa kuwa ta rantse ba mai raba ta da ɗakinta. Lauratu ta sa kyamara a tsakar gida don ta riƙa leƙo ta ta waya, amma ina! Kamfanin layi ba ya barin gida da adireshi ɗaya a intanet. Da an ɗauke wuta an dawo da ita sai ya sauya, uwa ta ɓace wa 'yarta.

Babakura ya jawo wata kwamfuta da aka yar, ya mai da ita rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, ya girka akwatin a gidan Hajiya. Da farko shi ke taka keke duk sanda wuta ta dawo, ya karanto sabon adireshin ya tura wa Lauratu. Daga baya ya koya wa akwatin turawa da kansa. Ya kuma sha fama da Hajiya, wadda ta ji akwatin da ɗumi ta mai da shi wurin ɗora kwanon tuwo.

Wata Laraba da azahar wuta ta dawo, saƙon sabon adireshi ya shiga wayar Lauratu. Tana buɗe kyamarar ta ga uwarta yashe kusa da randa, cikin tsakiyar rana, ba motsi. Ta kira maƙwabta aka haura katanga, aka kai tsohuwa asibiti. Likita ya ce da an kai la'asar, da sai dai gaisuwa.

Malam Babakura, kai ne idon wanda ke nesa da gida. Muna ƙaunarka, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma matasa, ku je ku koya kafin ya rufe rumfa.

Jiya na leƙa gaishe da Hajiya, na tarar da ita zaune tana jan carbi. Ta ce, "Ni dai ban san me akwatin nan ke yi ba. Amma ka gaya wa Babakura, kullum ina sa su a addu'a, da shi da akwatin."