Garar Yaya Hadiza

Ranar Laraba ce, mako guda bayan Sallar Layya, shekarar da Nasara ya kafa bariki a Dakoro, ina da shekara tara. Mata goma sha biyu suka jeru ƙofar gidanmu da ƙore bisa kai, za su kai garar yayata Hadiza gidan mijinta a Birnin Lalle. Gara ita ce abincin da iyayen amarya ke bin ɗiyarsu da shi bayan biki. Kakata takan ce mutanen da sun faro ta ne "don kada surukai su ce mun aiko musu baki ba hatsi".

Shekara guda muka yi muna tara ta. Ni ke kaɗa nono kowace safiya har kafaɗuna su yi tsami, Inna ta soya man ta ɗura a tulu, ko lasa ba ta bari mu yi. Gero kuwa ni da Inna muka sussuke shi muka sheƙe, sa'o'ina suna can dandali suna gaɗa.

To, gara ba a kai ta a ɓoye. Baba ya ce a zagaya ta bayan gari don a kauce wa bariki, Inna ta ce Allah ya kiyaye, ai ba kayan sata ta ɗauko ba. Muka bi ta gaban bariki ana rangaɗa guɗa. Sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, da jar hularsa da bulala, Bahaushe ɗan'uwanmu, tir! Ya ce kwamanda na neman mai da gero na baƙi. Inna ta durƙusa ta ce, "Ɗana, garar ɗiya ce, ka dubi Allah." Ko kallonta bai yi ba. Tulu huɗu da geron duka, ni na ga an shige da su bariki. Wallahi har gobe in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Muka isa Birnin Lalle da ƙore wayam. Dangin miji sun san abin da ya faru sarai, amma suka laƙa wa Yaya suna Hannu Rabbana. Ta haifa musu ƴaƴa bakwai, sunan bai fita ba. Ranar da ta rasu, da kunnena na ji wata na tambayar wa aka rasa, aka ce mata, "Hannu Rabbana ce."

Yanzu a mota ake kai gara, buhun shinkafa da jarkar mai na kanti, ba mai tare hanya. Ni dai Yayata nake so a kira da sunanta.